Idan kwamfuta ta ƙi tashi bayan an sabunta Windows

Kwamfuta ta zama kayan aiki a ofisoshi da makarantu da ƙungiyoyin Matameye da sauran garuruwan gundumar Kance. A cikinta ake ajiye sunayen ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci, da lissafin asusun mata, da wasiƙun ƙungiyoyin manoma, da hotunan iyali. Wata rana sai kwamfutar ta nemi a sabunta ta, ko kuma wani ya sabunta ta da kyakkyawar niyya. Washegari a danna maɓalli, ta ƙi kaiwa inda ta saba kaiwa. Wani lokaci fuskarta ta tsaya baƙa ƙirin, wani lokaci ta yi shuɗi da rubutun da ba a gane ba, wani lokaci kuma ta yi ta mutuwa tana tashi ba iyaka.

Abin da ya kamata ku sani tun farko shi ne, a mafi yawan lokuta takardunku suna nan, babu abin da ya taɓa su. Wanda tsaninsa ya karye bai rasa hatsin da ke cikin rumbu ba, hanyar hawa ce kawai ya rasa. Sau da yawa ba sabuntawar ce ke hallaka takardu ba, gyaran gaggawar da ake yi bayanta ne. Saboda haka ana fara gyara da abin da ba ya share komai, a bar mai sharewa sai an rasa wata dabara.

Mece ce babbar manhaja, kuma don me ake sabunta ta?

Babbar manhaja ita ce mai tafiyar da dukan aikin kwamfuta. Ita ke nuna muku takardunku, ita ke buɗe ƙananan manhajoji kamar Word da Excel, ita ke kai saƙo ga na'urar buga takarda. Wadda aka fi samu a ƙasarmu ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka. Kamfanin yakan fitar da sabon zubi, ya kula da shi shekaru, sannan ya bar shi. Windows XP ta fito a 2001, aka daina kula da ita a watan Afrilu na 2014. Windows 7 ta fito a 2009, aka bar ta a watan Janairu na 2020. Windows 10 ta fito a 2015, wa'adinta ya cika ran 14 ga Oktoba 2025. Windows 11, wadda ta fito a 2021, ita ce ta gaje ta.

Sabuntawa iri biyu ce. Akwai ƙarama, wadda ke zuwa ta intanet kowane wata, galibi ran Talata ta biyu, domin toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Akwai babba, wato ƙaura daga wani zubi zuwa wani, kamar daga Windows 10 zuwa Windows 11. Ku riƙe wannan bambanci, domin za a tambaye ku wadda kuke son cirewa idan an zo gyara.

Yadda kwamfuta ke tashi

Tashin kwamfuta hawa-hawa ne. Da an danna maɓalli, wata ƴar manhaja da ke manne a jikin kwamfutar, wadda ake kira BIOS, sabuwarta kuma UEFI, ita ke fara farkawa. Takan duba sassan kwamfutar, a lokacin ne kuke ganin tambarin kamfanin da ya ƙera ta, kamar HP ko Dell ko Lenovo. Daga nan ta nemi faifan ajiya, wato rumbun da Windows da takardunku ke ciki. Idan ta same shi sai ta miƙa ragama ga Windows. Ita kuma Windows sai ta tashi tafintocinta. Waɗannan ƙananan manhajoji ne, da faransanci «pilotes», waɗanda ke fassara magana tsakanin Windows da kowane sashe: na hoto da nasa, na sauti da nasa, na faifai da nasa. Bayan haka ne ake tambayar ku kalmar sirri.

Inda tashin ya tsaya shi ke nuna inda ciwon yake. Idan babu fitila, babu ƙarar fanka, matsalar wuta ce ko caja ko batir, ba ruwan Windows. Idan tambari ya fito sannan aka rubuta «No bootable device» ko makamancinsa, BIOS ce ba ta ga faifan ba, ko ta gan shi amma ba ta sami hanyar shiga ba. Idan kuwa alamar Windows ta fito, ƴan ɗigo suna zagayawa, sannan aka tsaya ko aka koma farko, to faifan yana nan, Windows ce ta yi tuntuɓe a hanya. Wannan na ƙarshen ya fi yawa bayan sabuntawa, kuma ya fi sauƙin magani.

Me ke jawo matsalar?

A yankinmu ana fara tuhumar ɗaukewar wuta. Lokacin sabuntawa Windows tana cire tsofaffin sassanta tana dasa sababbi. Idan wuta ta yanke a tsakiya, sai a wayi gari tsohon ya tafi, sabon bai zauna ba. Wani kaso na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa a jihohin Maraɗi da Damagaram daga Najeriya yake zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wannan wuta, ba ta maido da ita ba sai a 2024. Ko ba irin wannan ba, kowa ya san yadda wuta ke zuwa tana komawa a lokacin bazara. Kwamfutar tebur ba ta da batir, da wuta ta ƙifta ta mutu. Ta tafi-da-gidanka tana da shi, amma yawancin waɗanda ake saye na hannu batirinsu ya riga ya gaji.

Sai tsufa. Windows 11 tana neman ƙwaƙwalwar aiki giga 4 aƙalla, da faifai mai giga 64, da wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0, da injin lissafi na baya-bayan nan. A na kamfanin Intel, daga zubi na 8 ne, wanda ya fara fitowa a 2017. Kwamfutoci da yawa da ke shigo mana ta Kano da Damagaram sun girmi haka. Akwai dabarun da ake yi a tilasta wa tsohuwar kwamfuta karɓar Windows 11, kuma takan karɓa. Sai dai kamfanin ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alhakin irin wannan ba. Tana iya yin aiki watanni, wata sabuntawa ta zo ta kayar da ita.

Cikar faifai ma tana kawo haka, haka nan tsohon tafinta da bai san yaren sabuwar Windows ba, musamman na hoto, ko tsohuwar manhajar tsaro da ake kira «antivirus». Wani lokaci kuma faifan ne da ma ya kusa mutuwa saboda zafi da ƙurar hunturu da yawan faɗuwa. Sabuntawa aiki ne mai nauyi na sa'o'i, ita ba ta kawo ciwon ba, ta tona shi ne.

Kada mai riƙe da kwamfutar ƙungiya ya ɗauka lalle laifinsa ne. Ran 19 ga Yuli 2024 wani kamfanin tsaro na Amurka mai suna CrowdStrike ya aika da sabuntawa mai kuskure, kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8 da rabi suka ƙi tashi, bisa ƙiyasin Microsoft. Jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya a ƙasashe da dama. Maganin da aka bayar shi ne a shiga ta ƙaramar ƙofar da za a bayyana a ƙasa, a cire fayil ɗin da ya jawo fitinar.

Kafin a taɓa komai

Da farko a yi haƙuri. Babbar sabuntawa takan sa kwamfuta ta mutu ta tashi sau da dama, kuma a tsohon faifai lissafin kashi cikin ɗari yakan tsaya wuri ɗaya har mutum ya ɗauka an maƙale. Idan akwai ƴar fitilar faifai kuma tana ƙiftawa, aiki ake yi. A bar ta jone da wuta sa'a biyu ko uku kafin a yanke hukunci. Mutane da yawa da hannunsu suke yanke sabuntawar da ke tafiya lafiya.

Idan rubutu ya fito, a ɗauki hotonsa da waya, ko da ba a iya karanta faransanci ko turanci ba. Akan sami wata kalma da manyan baƙaƙe ko lamba a ƙasan rubutun. Misali, INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE na nufin Windows ta fara tashi amma ta kasa karanta faifanta. Da ma wannan fuska shuɗiya ce, amma tun 2025 a Windows 11 an mai da ita baƙa. Hoton nan zai rage wa mai gyara lalube, ku kuma ya rage muku kuɗi.

Sannan a cire duk abin da aka soka a jikin kwamfutar: na'urar buga takarda, da waya, da katin hoto, da ƴar ma'ajiyar USB da ake kira «clé» a nan, maƙwabtanmu na Najeriya kuma su ce filash. Sau da yawa BIOS takan yi ƙoƙarin tashi daga filash ɗin da aka manta a jiki, ta rasa Windows a ciki, ta ce babu faifai. A danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10 har ta mutu, a jira kaɗan, a sake kunnawa. Wannan kaɗai yakan isa.

Ɗakin gyara na Windows

Windows 10 da 11 suna da wani ɗakin gyara da ke keɓe a gefen faifai. Masu tsohon sani sukan ce a danna F8, amma wannan dabarar zamanin XP da Windows 7 ce, tun daga Windows 8 ba ta aiki sai an shirya ta musamman. Yanzu ɗakin yakan buɗe da kansa idan kwamfuta ta kasa tashi sau biyu a jere. Idan bai buɗe ba, a kunna kwamfutar, da alamar Windows ta fito a danne maɓalli har ta mutu. A yi haka sau biyu, a na uku a ƙyale ta. Za a ga an rubuta «Réparation automatique». Wannan dabara ta kwamfutar da ta riga ta ƙi tashi ce, ba a yi wa wadda ke tsakiyar sabuntawa.

Za a ga fuska shuɗiya mai zaɓuɓɓuka. Da yake yawancin kwamfutocinmu da faransanci suke magana, ga kalmomin kamar yadda za ku gan su. A zaɓi «Dépannage», sannan «Options avancées». A nan akwai ƙofofi, kuma akwai wadda ya kamata a fara da ita.

Ta farko ita ce «Outil de redémarrage système». Windows ce ke duba hanyar tashinta da kanta, ta gyara abin da ta iya. Ba ta taɓa takardu. Idan ta ce ta kasa, ba a yi asarar komai ba.

Ta biyu, wadda ta fi dacewa da matsalarmu, ita ce «Désinstaller des mises à jour», wato cire sabuntawa. Za a nuna muku biyu. Mai kalmar «qualité» ita ce ƙarama ta wata-wata, mai kalmar «fonctionnalités» ita ce babba. Idan babba aka yi, Windows takan adana tsohon zubi a wata jaka mai suna Windows.old, domin a iya komawa. Amma kwana 10 kawai take ba da wannan dama, bayan haka ta share jakar. Wanda kwamfutarsa ke tashi yau ta ƙi gobe tun bayan sabuntawa, ya ce bari sai bayan girbi ya kai ta Damagaram, yana iya tarar da ƙofar komawa ta rufe. Haka kuma kada kowa ya share Windows.old da sunan neman fili kafin a tabbata sabon zubin ya zauna daram.

Ta uku ita ce «Restauration du système». Tana mai da tsarin kwamfuta yadda yake a wata rana da ta wuce, ba tare da ta taɓa wasiƙu da hotuna ba, sai dai manhajojin da aka sa bayan ranar za su fita. Tana aiki ne idan da ma an kunna ta, kuma a kwamfutoci da yawa ba a kunna ba. Idan aka ce babu ranar komawa, sai a wuce.

Ta huɗu ita ce ƙaramar ƙofar da aka ambata, «Mode sans échec». Ana samun ta ƙarƙashin «Paramètres», a danna «Redémarrer», jerin lambobi ya fito, a danna F4. A wannan hali Windows tana tashi da tafintocin da ba makawa sai da su, ta bar sauran suna barci. Hoto zai yi girma ya yi muni, kada wannan ya dame ku. Idan ta tashi a haka, labari ya yi daɗi: faifai lafiya, Windows lafiya, wani tafinta ne ko wata manhaja ke hana ruwa gudu. Amma kafin a shiga neman mai laifi, a soka filash a kwashe takardu tukuna. Rajistar ɗalibai da lissafin asusu su fara fita, hotuna da waƙoƙi su biyo baya. Ba a san ko za a sake samun ƙofar a buɗe ba. Bayan haka ne za a cire manhajar da aka sa ta ƙarshe, ko tsohon «antivirus», a sake gwadawa.

Kalmomin da za a yi hattara da su

A cikin «Dépannage» akwai wani zaɓi mai suna «Réinitialiser ce PC». Yana sake dasa Windows gaba ɗaya. Zai tambaye ku ko «Conserver mes fichiers», wato a bar takardu, ko «Supprimer tout», wato a share duka. Ko na farkon aka zaɓa, manhajojin da aka sa kamar Word za su fita, sai an sake sa su. Na biyun kuwa ba ya barin komai. Wanda karatun faransancinsa bai nuna ba, kada ya danna nan shi kaɗai.

Akwai kuma wata fuska da ke neman lamba mai alƙaluma 48, da sunan BitLocker a samanta. Ma'anarta faifan a kulle yake domin tsaro, kuma sauyin da aka yi ya sa kwamfutar tana son tabbatar da mai ita. Lambar takan kasance a asusun Microsoft na wanda ya fara shirya kwamfutar, ana iya duba ta da waya. Idan wata hukuma ko wani shirin raya karkara ne ya ba ku kwamfutar, a tambaye su. Babu mai gyaran da zai iya buɗe wannan kulle ba da lambar ba, duk wanda ya ce zai iya, sharewa zai yi. Shi ya sa ya kamata ƙungiya ta nemi lambar tun kwamfuta na lafiya, ta rubuta ta a littafinta.

Wurin mai gyara

Wasu alamu na nuna aikin ya fi ƙarfin gida. Idan faifai yana ƙara ƙas-ƙas, a kashe kwamfutar nan take, domin kowane kunnawa yana ƙara cinye abin da ya rage. Idan tana kuka ɗit-ɗit da an kunna, fuska kuma ba ta nuna komai, galibi ƙwaƙwalwar aiki ce ta motsa ko ƙura ta shiga mazauninta. Idan kwanan wata ya koma shekarun baya duk lokacin da aka kunna, ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke ciki ne ya ƙare, lambarsa CR2032. Idan ya ƙare BIOS takan manta tsarinta, har ta ɓata hanyar faifai.

Abin da ya fi sauƙi ga mai gyara shi ne ya share faifai ya dasa sabuwar Windows, abin da suke kira «formatage». Aikin sa'a ɗaya ne, kwamfuta ta tashi fes, mai ita ya yi murna, sai ya isa gida ya tarar rumbu wayam. Ba mugunta ba ce, an ce masa ya tashi kwamfuta ne, ya kuwa tashe ta. Don haka kalmar farko da za ku faɗa masa ita ce: akwai takardu a ciki, a fitar da su kafin a yi komai. Yana da hanyoyi. Zai iya cire faifan ya jona shi da wata kwamfuta. Zai iya tashin taku daga filash mai ɗauke da Ubuntu, wata babbar manhaja ta kyauta daga dangin Linux, wadda ke iya aiki daga filash ba tare da an dasa ta ba, ya kwashe takardun. Zai iya kuma amfani da filash na dasa Windows, mai giga 8 ko fiye, ya zaɓi «Réparer l'ordinateur» maimakon «Installer maintenant», ya shiga ɗakin gyaran da ya ƙi buɗuwa. Ku buɗe takardun da aka kwashe ku gani da idonku kafin ku yarda a share. Idan akwai sunayen mutane da kuɗinsu a ciki, ya fi kyau wani ɗan ƙungiya ya zauna wurin har a gama.

Kafin sabuntawa ta gaba

Ba a cewa a daina sabuntawa, domin kwamfutar da ke shiga intanet ba tare da ita ba gida ne marar ƙyaure. Amma a zaɓi lokaci. Kada a fara babbar sabuntawa ana gobe za a kai rahoto, ko da la'asar hadari ya haɗo. A kwashe takardu a filash tukuna, a ajiye shi a wani ɗaki dabam. A watan Oktoba na 2018 sai da Microsoft ya dakatar da wata babbar sabuntawa ta Windows 10 bayan wasu sun tarar takardunsu sun ɓace. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma ya faru. Kwamfutar tebur a haɗa ta da akwatin riƙe wuta da ake kira «onduleur», a kuma san cewa mintoci yake riƙewa, ba sa'o'i ba. Inda ake aiki da hasken rana, a fara da hantsi.

Kwamfutar da ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba kuwa, ba ta zama shara ba. Windows 10 ba ta daina aiki ran 14 ga Oktoba 2025 ba, kulawar kamfani ce ta tsaya. Idan aikinta rubuta rajista da buga takardu ne, ana iya barin ta a haka, a rage shigar da ita intanet, a kuma yi hattara da filash ɗin da ya zaga gari. Idan kuma dole sai da intanet, a nemi wanda ya iya ya sa mata Linux, tare da LibreOffice, wadda ke buɗe takardun Word da Excel. Shi ma wannan aiki yana share faifai, don haka sai an kwashe takardu kafin a fara.